Jawabin Magatakarda: Wa Ke da Alhakin Kwashe Sharar Kasuwanninmu?

Ranka ya daɗe Shugaba, iyayen ƙungiya, sarakunan kasuwa da na tasha, 'yan'uwa 'yan kasuwa maza da mata na ɓangaren Nijar da na Najeriya, barkanmu da sake ganin zagayowar ranar da aka kafa wannan ƙungiya. Allah ya jiƙan waɗanda suka assasa ta suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa dattawanmu lafiya.

A irin wannan taro mun saba maganar duwan da kwastan, da shingayen hanya, da canjin naira da sefa. Bana kwamiti ya ce ofishin magatakarda ya yi bayani a kan shara, domin cikin koke-koken da mambobi suke kawowa ofis, kukan tulin shara a bakin rumfa da toshewar kwata ya fara yin kafaɗa da kafaɗa da kukan hanya. Tambayar da ake yi mana ita ce: aikin wane ne?

Mu fara da abin da doka ta ce. A Najeriya, kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya jera ayyukan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar. A ciki akwai kafa kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da kula da su, akwai kuma samar da ban-ɗakin jama'a da kawar da shara da ƙazantar ruwa. A manyan birane gwamnatin jiha takan kafa hukumarta ta shara, kamar REMASAB a Kano, amma kasuwar bakin iyaka tana hannun ƙaramar hukuma. A Nijar ma haka abin yake. Dokar da ta tsara ayyukan ƙananan hukumomi, wadda aka sa wa hannu a watan Satumba na 2010, ta ɗora tsaftar gari da kwashe shara a kan ofishin magajin gari. A watan Afrilu na 2024 an rushe zaɓaɓɓun majalisun garuruwa, aka naɗa masu riƙon ƙwarya, amma aikin bai tashi daga ofishin ba. Wanda ke kan kujerar yau, shi ke da nauyin.

To, ashe a ƙasashen biyu hannun da ke yanka mana tikiti shi ne hannun da doka ta ba tsintsiya. Kowace ranar kasuwa, ko Lahadi ce a Jibiya da Illela, ko Alhamis a Maigatari, ko Litinin da Juma'a a Maraɗi, mai rumfa yana biya, mai baza kaya a ƙasa yana biya, motar da ta yi lodi tana biya, dabbar da aka sayar a kara ma an biya a kanta. Ba mu ƙi biya ba. Amma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Idan an karɓi kuɗin kasuwa, sai a share kasuwa.

Mun san uzurin da ake kawowa, wato babu kuɗi. A ɓangaren Najeriya an daɗe ana cewa kason ƙananan hukumomi yana maƙalewa a asusun haɗin gwiwa da jiha. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye. Aiwatar da hukuncin yana tafiyar hawainiya, amma ya ba mu ƙafar tsayawa idan mun je gaban ciyaman. A ɓangaren Nijar, rufe iyaka daga ƙarshen Yuli 2023 zuwa Maris 2024 ya rage abin da ke shiga aljihun kowa, har da na ofisoshin magajin gari. Mun yarda da wannan, domin mu muka fi kowa jin jiki. Sai dai amalanke da jaki da shebur ba su kai tsadar motar ofis ba, kuma yanzu hanya a buɗe take, tikiti ya dawo.

Me ya sa abin ya dame mu har haka? Na farko, ruwa. Gulbin da ya ratsa Jibiya shi ne ke shiga Nijar ta wajen Madarunfa, ya wuce Maraɗi, sannan ya sake komawa Najeriya ya haɗu da Rima. Ledar da aka yar a wannan gefe ba ta neman takardar ƙetare iyaka. Duk muna tuna ambaliyar Jibiya ta watan Yuli 2018, wadda ta ci rayuka masu yawa, har aka tsinci wasu gawarwaki a cikin ƙasar Nijar. Muna tuna ruwan da ya yi ɓarna a Maraɗi a ƙarshen Agusta 2024. Ba mu ce shara ce ta saukar da wannan ruwa ba. Abin da kowa ya sani shi ne, idan kwata ta cika da leda da robar lemo, ruwan da ya rasa hanya shago yake shiga. Buhun masara ko na wake da ruwa ya taɓa ya tashi daga kaya, ya koma asara, kuma ba wanda zai biya mai shi.

Na biyu, dabbobi. Ku tambayi kowane mahauci abin da yake fitarwa daga tumbin akuya ko saniyar da ta yi kiwo a juji. Leda ce a dunƙule. Dabbar da ta haɗiye ta sai ta daina cin abinci sosai, ta rame, mai ita ya kai ta kara a karya masa farashi. Na uku, lafiya. Inda aka haɗa mai tuwo da mai nama da tulin shara wuri guda, ƙuda ne ke kai da kawowa tsakaninsu, kuma da damina ta nan amai da gudawa ke samun ƙofa. Idan aka cinna wa tulin wuta don a rage shi, hayaƙin roba ya shiga ƙirjin yara masu talla, tartsatsi kuma ya kama rumfar zana.

Game da leda, Nijar tana da doka tun watan Nuwamba 2014 wadda ta hana ƙera ledar nan marar kauri, da shigo da ita, da sayar da ita. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin akwai mambobinmu masu fataucin kayan roba. Ofis yana jan hankalinsu: don ba a kama mutum jiya ba, ba shi ne dokar ta mutu ba. Ranar da aka tashi aiki da ita, a kan ɗan kasuwa za ta faɗa. A Njamena an ga haka a 2010, lokacin da magajiyar gari ta tsaya tsayin daka a kan hana leda, har masu sayayya suka koma ga kwando da jakar hannu. Ofishin gari ne ya yi wannan aiki, wanda ke nuna abin da ƙaramar hukuma za ta iya idan ta so.

Sai mu zo kan abin da ya fi kusa da sana'armu. Rabin abin da muke kira shara, kaya ne da ke da mai saye. Tun zamanin kakanni manoman kewayen Kano suke shigo da itace a kan jakuna, su koma da takin gari zuwa gona. Kashin dabbobi na kara, da ruɓaɓɓen tumatir da albasa, da ƙaiƙayi, duk taki ne, kuma kowa ya san abin da buhun takin zamani ya kai yanzu. Abin da ke ɓata shi ita ce leda da fasasshiyar kwalba, shi ya sa manomi ke gudun sharar kasuwa. Ku je kasuwar Katako a Yamai ku ga yadda ake narka gwangwanin lemo a zuba tukunya da ludayi. A Kano akwai masana'antu da ke sayen tsohuwar roba a kan sikeli, su niƙa, su mayar da ita buta da bokiti da silifa, mu kuma mu sayo mu kawo nan mu sayar. Yaran nan 'yan bola-jari da ake kora daga bakin shago, su ne matakin farko na wannan ciniki. Da hukuma za ta ba su fili da katin shaida, da an rabu da zargin sata, an kuma rage abin da tifa za ta ɗauka.

Saboda haka ga abin da kwamiti ya tsayar za mu kai wa ciyamomi da magadan gari a rubuce, da Hausa da Turanci da Faransanci:

1. A ware wani kaso sananne daga kuɗin tikitin kowace kasuwa don kwashe shara, a riƙa liƙa lissafinsa a ofishin sarkin kasuwa duk ƙarshen wata.
2. A kwashe shara washegarin ranar kasuwa, kada ta kwana biyu.
3. A keɓe juji a wajen gari, nesa da gulbi da rijiyoyi da hanyar dabbobi.
4. A yashe kwatoci kafin ruwan farko, a watan Afrilu ko farkon Mayu.
5. A dawo da duba-gari cikin kasuwa, kuma duk tarar da ya ci a ba da rasit.
6. Hukumomin gefe biyu su zauna tare ko sau ɗaya a shekara a kan maganar gulbi.

Namu ɓangaren kuma ga shi. Kowane layi zai fitar da mutum ɗaya mai kula da tsafta. Kowace rumfa ta ajiye buhu biyu, ɗaya na abin da ke ruɓewa, ɗaya na leda da roba da gwangwani. Kwali da tsohon buhu a ɗaure su, akwai masu saye. Direbobinmu da yaran mota su ajiye ledar ruwa a cikin mota har su iso tasha. Abu mafi muhimmanci: ku riƙa karɓar rasit, ku kawo mana shi ofis. Idan muka tara na wata uku, za mu shiga gaban hukuma da lissafin abin da mambobinmu suka biya, kuma mai takarda a hannu ba a sallamar sa da "ku dawo gobe".

Aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar a watan Fabrairu 2021, zai bi ta Katsina da Jibiya. Ranar da jirgi ya fara zuwa, mutane za su ƙaru, kaya za su ƙaru, shara ma za ta ƙaru. Gara a gyara tsarin tun yanzu da kasuwannin suke daidai ƙarfinmu.

Rajistar masu kula da layi tana buɗe a ofis daga gobe, kuma muna roƙon iyayenmu mata masu abinci su ba mu sunayen wakilansu, domin su suka fi kusa da matsalar. Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, ya kiyaye hanya, ya mai da kowa gidansa lafiya.