Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Horar da Shugabannin Yaƙi da Annoba



An nemi mu yi magana a kan horar da shugabannin da za su tsare lafiyar jama'a daga cututtukan da ke ƙetare iyakokin ƙasashe. Watakila wani ɗalibin shari'a ko na tarihi zai ce wannan hira ce ta 'yan sashen likitanci. Muna roƙonsa ya ba mu aron kunnuwansa, domin kafin mu sauka zai ga cewa da shi ake.

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Cuta ba ta yankar fasfo, ba ta kuwa tsayawa a shingen kwastan. A shekarar 1996 sanƙarau ya ratsa ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, ya kama mutum wajen 250,000, ya kashe kimanin 25,000. A Nijeriya kaɗai an rasa fiye da mutum 11,000, akasarinsu a Arewa. A shekarar 2000 wani nau'in sanƙarau ya ɓulla a tsakanin mahajjata, suka koma da shi ƙasashensu, har dai hukumomin Saudiyya suka wajabta wa kowane maniyyaci allurar da ke maganin nau'i huɗu na cutar. Tun kafin zuwan jirgin sama ma, fatake da mahajjatan ƙasa sun sha ɗaukar cuta daga wannan zango zuwa wancan. Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne sauri: tafiyar da ke cin shekara a da, yau wuni guda ce.

To, wane irin mutum ake bukata ya tsaya a gaba idan irin wannan rana ta zo? Tarihi ya nuna mana halaye huɗu, kuma kowannensu koyonsa ake yi.

Na farko shi ne iya bin sawun cuta da lissafi. A watan Disamba na 1966 agana ta ɓarke a yankin Ogoja da ke gabashin Nijeriya. Akwai wani matashin likita Ba'amurke a can, William Foege, wanda ya sami horo a sashen bin diddigin annoba da Alexander Langmuir ya kafa a Atlanta a 1951. Tsarin da duniya ke bi a lokacin shi ne a yi wa kowa da kowa lamba, amma maganin da ke hannun Foege bai kai ko kusa ba. Sai ya nemi 'yan mishan da ke ƙauyuka su aika masinjoji su gano duk inda mai agana yake, su sanar da shi ta wayar iska. Ya shimfiɗa taswira, ya yi wa mutanen ƙauyukan da cutar ta shiga lamba, kana ya bi kasuwannin da suke ci da garuruwan danginsu, watau wuraren da cutar za ta nufa nan gaba. Annobar ta mutu alhali ba a taɓa mafi yawan jama'ar yankin ba. Wannan dabara ta kewaye cuta ita ce ta zama ginshiƙin gangamin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙarfafa a 1967 a ƙarƙashin D. A. Henderson. Agana ta ƙare a Nijeriya a 1970. Mutum na ƙarshe da ya ɗauke ta daga jama'a shi ne wani kuku a garin Marka na Somaliya, a watan Oktoba na 1977, kuma ranar 8 ga Mayu, 1980, aka shelanta cewa ta bar duniya. Ku tambayi tsofaffinku yawan makafin da agana ta bari a garuruwanmu, za ku san girman wannan aiki.

Abin lura a nan shi ne, ƙarancin kayan aiki bai kashe wa mutumin gwiwa ba, saboda an riga an koya masa tambayoyin da ake yi: wa ya kamu, a ina, yaushe, daga wa ya ɗauka, wa zai ba? Irin wannan horo a fili ake yinsa. Ƙasar Thailand ta kafa nata shirin a 1980, Nijeriya kuma ta fara nata a 2008, tare da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ibadan. Shekara biyu ake yi, ana haɗa likitocin mutane da na dabbobi da masu aikin gwaje-gwaje, kuma mafi yawan lokacin a bakin aiki yake ƙarewa. Hikimar haɗa su a fili take, domin cututtuka da yawa daga dabba suke tsallakowa: zazzaɓin Lassa daga ɓera, murar tsuntsaye daga kaji.

Hali na biyu shi ne ƙarfin zuciyar yanke hukunci kafin komai ya bayyana. Ranar 20 ga Yuli, 2014, wani matafiyi daga Laberiya ya sauka a Legas da cutar Ebola a jikinsa. Likita Ameyo Stella Adadevoh ta yi zargin cutar, ta hana a sallame shi duk da matsin lambar da aka yi mata. Ita kanta ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Da ta buɗe masa ƙofa, da ya shiga cikin birnin da ke ɗauke da miliyoyin mutane a cunkushe. Sai dai jarumtar mutum ɗaya ba ta isa ba. An ɗauko ma'aikata daga cibiyar gaggawa ta yaƙi da shan inna, wadda aka kafa a 2012, aka sa Dokta Faisal Shu'aib ya jagoranci aikin. Waɗanda suka sami horon nan na 2008 suka bazu, suka bi mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, suka kai ziyara gida-gida har sau 18,500, ana auna zafin jikin kowa kullum har kwana 21. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba aka tabbatar da cewa Nijeriya ta fita. A Gini da Laberiya da Saliyo kuwa, inda cutar ta yi wata uku tana yawo kafin a gane ta, an binne fiye da mutum 11,000. Gorar da aka yi tafiyar 2014 da ita, tun 2008 aka fafe ta.

Hali na uku, wanda muke ganin ya fi sauran wuyar koyo, shi ne samun amanar jama'a. A nan dole mu dubi gidanmu. A 2003 wasu jihohin Arewa sun dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin cewa an sa wa maganin abin hana haihuwa. Kano ta yi kusan shekara guda ba ta koma ba, sai a Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indunusiya. Kafin ƙura ta lafa, cutar ta sake shiga ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da ita Indunusiyar. Zargin bai tabbata ba, kuma yara da yawa sun shanye a banza. Amma wanda ya kira iyayen nan jahilai ya tafi, bai fahimci komai ba. Mutanen Kano suna tune da 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau, wanda ya jawo shari'ar da aka sasanta a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Daɗin daɗawa, talaka yana da tambaya mai ma'ana: me ya sa ake bin sa har gida da ɗigon shan inna kyauta, alhali in zazzaɓi ya kama ɗansa sai ya sayi magani da kuɗinsa?

Maganin wannan matsala bai fito daga ɗakin gwaji ba. A 2009, zamanin da Dokta Muhammad Ali Pate ke shugabancin hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa, an kafa kwamitin sarakunan Arewa da goyon bayan Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Sarakuna suka riƙa ɗiga wa 'ya'yansu da jikokinsu maganin a bainar jama'a, malamai suka yi bayani, aka ɗauki matan unguwa waɗanda aka san iyayensu su shiga gidaje, aka kuma buɗe sansanonin da ake duba sauran cututtuka. Ba a sami wannan nasara da araha ba: a Fabrairun 2013 'yan bindiga sun kashe mata tara masu aikin rigakafi a Kano. Duk da haka 'yan'uwansu suka ci gaba da fita. An ga ƙwayar shan inna ta daji karo na ƙarshe a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020, kwamitin da Farfesa Rose Leke ta Kamaru ke shugabanta ya tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ita. Saboda haka duk makarantar da ta yaye masanin annoba wanda bai iya gaida dagaci ba, bai iya sauraron unguwarzoma ba, bai iya fassara ilminsa da harshen kasuwa ba, to rabin aiki ta yi.

Hali na huɗu shi ne faɗin gaskiya ga maƙwabta ko da za ta jawo hasara. Cutar numfashi ta SARS ta fara a kudancin Sin a ƙarshen 2002, aka yi watanni ana rufa-rufa har ta isa Kanada. Likita Carlo Urbani, ɗan Italiya, shi ya ankarar da duniya daga Hanoi, kuma cutar ta kashe shi a Maris na 2003. Wannan darasi ya sa aka sabunta dokokin lafiya na duniya a 2005, aka wajabta wa kowace ƙasa ta kai rahoto cikin awa 24 da zarar ta tantance cewa abin da ya ɓulla na iya shafar wasu. Amma ku dubi abin da ya faru a Nuwamban 2021. Masanan Botswana da Afirka ta Kudu sun gano sabon nau'in korona da aka sa wa suna Omicron, suka sanar nan take, sai manyan ƙasashe suka saka musu da rufe hanyoyin jirage, har Ingila ta haɗa da Nijeriya. Shugaban da muke son horarwa dole ya iya faɗin gaskiya, kana ya iya zama a teburin shawara ya hana a hukunta ƙasarsa saboda ta faɗe ta. Wannan aikin masanin shari'a ne da na diflomasiyya, kamar yadda yake na likita. Tarihinmu ma bai bar mu babu abin koyi ba: Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can, bayan ya yi shawara da sahabbai, kuma bai ɗauki hakan saɓa wa tawakkali ba.

Yanzu sai mu tambayi kanmu: ƙasarmu ta taɓa rasa irin waɗannan mutane? Ko kusa. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya riƙe muƙamin mataimakin babban darektan Hukumar Lafiya ta Duniya. Farfesa Adetokunbo Lucas ya shugabanci shirinta na binciken cututtukan ƙasashe masu zafi daga 1976 zuwa 1986. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya ɗauki ƙudurin Alma-Ata na 1978 ya kai shi ƙananan hukumomi. Marigayi Farfesa Umaru Shehu na Borno ya koyar da lafiyar jama'a a Zariya tun sashen yana jariri. Janar Yakubu Gowon, wanda ba likita ba ne, ya bi ƙauyuka yana roƙon a tace ruwan sha, har kurkunu, da ya kama fiye da mutum 650,000 a 1988, ya ƙare, aka ba Nijeriya takardar shaida a 2013.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen yawa da kuma ɗorewa. Mizanin da aka amince da shi a duniya shi ne ƙwararren mai bin sawun cuta ɗaya ga kowane mutum 200,000. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 tana bukatar fiye da dubu, kuma a bazu har ƙaramar hukumar da ba ta da kwalta. Gubar dalma da ta kashe yara wajen 400 a Zamfara a 2010, likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasashen waje ne suka fara lura da ita. Mashaƙo da ya addabi Kano da Yobe a 2023 cuta ce da ke da allurar rigakafi tun kafin a haifi iyayenmu. Sa'an nan galibin kuɗin horon nan daga waje yake zuwa, alhali shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu, kuma kaɗan ne suka cika. A Janairun 2025 Amurka ta ba da sanarwar ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya, ta kuma datse yawancin taimakonta. Kowa ya san kayan aro ba ya rufe katara. Kafa cibiyar yaƙi da cututtuka ta Afirka a Addis Ababa a 2017, da ba wa tamu ta Nijeriya doka a 2018, matakai ne masu kyau, amma gini ba ya aiki sai da mutane, mutanen kuma ba sa zama sai an biya su haƙƙinsu.

Don haka muna ba wannan ƙungiya shawara uku. Ta nemi hukumar jami'a ta buɗe darasin lafiyar jama'a ga ɗaliban kowane sashe, ko da na zango ɗaya ne. Ta shirya wa 'ya'yanta aikin hutu a asibitocin ƙauyukansu, su koyi cika rajistar rigakafi da kai rahoton cuta, su ga yadda ake adana magani cikin sanyi inda babu lantarki. Ɗaliban harsuna kuma su zauna da na likitanci su daidaita kalmomin cututtuka cikin Hausa da Fulatanci da Barbarci, domin saƙon da aka fassara cikin gaggawa ran annoba shi ke haifar da jita-jita. Ga maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram da Garwa, kasuwa ɗaya muke ci da su, cuta ɗaya ke kama mu, ya kamata ɗalibanmu da nasu su san juna tun yanzu.

'Yan'uwa, babu wanda ya san ranar da wata annobar za ta zo, ko ta wace ƙofa. Abin da muka sani shi ne, wanda za a buga wa waya a daren, ya ce a rufe ko a buɗe, a faɗa ko a ɓoye, watakila yana zaune a cikin wannan zaure. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya kiyaye mu da zuriyarmu, ya ba mu shugabanni masu ilmi da amana.