Jawabi Kan Tace Ruwan Kifi a Cikin Gida



A Soron Ɗinki da sauran unguwannin cikin birnin Kano, gidaje a matse suke, ruwa kuwa da tsada. Duk da haka akwai masu kiwon tarwaɗa da karfasa a kwami, wasu kuma suna ajiye kifin ado a akwatin gilashi. Abin da ke jawo hasara shi ne mutum ya ƙara girman kwami da yawan kifi, ya bar mataci yadda yake.

Kashin kifi da ragowar abinci suna haifar da guba mai suna amoniya. Ido ba ya ganinta, ruwa yana garau kifi yana mutuwa. Maganinta ba ya bukatar inji mai tsada. A sami duro, a jera tsakuwa a ƙasa, gawayi a tsakiya, soso a sama, ƙaramin famfo ya riƙa zagaya ruwa ta ciki. Wasu ƙwayoyin halitta za su zauna jikin tsakuwar, su ne masu cinye gubar, amma sai sun yi mako 4 zuwa 6 kafin su kankama. Saboda haka a sa tsohuwar tsakuwa cikin sabon duro, a riƙa ƙara kifi kaɗan-kaɗan.

Kada a wanke tsakuwar da ruwan famfo na Challawa ko Tamburawa, gama kulorin da ke ciki yana kashe ƙwayoyin. A ɗauraye ta da ruwan kwamin.

Muna roƙo ku isar wa dagatai da masu unguwanni. Wassalam.