Kwamfuta Ko Akwatin Kiɗa: Me Ɗan Kallo Ya Zo Gani?



Batun da aka ɗora mana yau shi ne gardamar nan da ta daɗe tsakanin masu kiɗan lantarki, wato ko ya fi dacewa makaɗi ya hau dandali da kwamfutar tafi-da-gidanka, ko kuwa da na'urorin da aka ƙera domin kiɗa kawai. A ganinmu, kunne ba shi ne alƙalin wannan shari'a ba, gama a babban zaure da wuya a sami wanda zai rufe ido ya bambance sautin wannan da na waccan. Ido ne ke ƙorafi.

Bari mu fara da na'urorin, tunda su ne yayye. A 1980 kamfanin Roland na ƙasar Japan ya fito da akwatin ganguna mai suna TR-808, ya biyo da TB-303 a 1981, sannan TR-909 a 1983. Ba su yi kasuwa ba, domin masu saye sun ce amonsu bai yi kama da na ganga ko garaya ta gaske ba. Aka daina ƙera su, suka koma kayan gwanjo, samarin birnin Shikago da na Ditroyit a Amurka suka same su da araha. Abin da attajiri ya raina, shi talaka ya gina sana'a da shi. Wata ƙungiya mai suna Phuture ta yi ta murɗa maɓallan TB-303 har ya riƙa wani irin kuka da maƙeransa ba su nufa ba, aka fitar da faifan a 1987, sabon salon kiɗa ya samu. Wanda kuma ya taɓa ganin Jeff Mills durƙushe gaban TR-909, yatsunsa na shigar da bugu suna fitarwa, ya san yana kallon mutum ne a bakin aiki.

Ita kuwa kwamfuta, ƙarfinta ya bayyana sosai daga 2001, lokacin da aka fitar da manhajar Ableton Live a birnin Balin na Jamus. Cikin waɗanda suka tsara ta akwai Gerhard Behles da Robert Henke, su ma makaɗa ne, sun san abin da dandali ke bukata. Daga 2002 har ƙungiyar Kraftwerk, wadda da can sai an yi lodin kayanta a manyan motoci, ta koma mutum huɗu da kwamfuta huɗu. Kayan da za su cika ɗaki sun shiga jaka guda, kuma ɗalibin da ke da kwamfutar rubuta aikin makaranta ya riga ya mallaki rabin kayan aiki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga irinmu masu ƙaramin aljihu.

Amma kwamfuta baiwar iyayengiji da yawa ce. Tana tara sauti kashi-kashi kafin ta fitar. In kowane kashi guntaye 256 ne, ana kuma fitar da 44,100 a daƙiƙa, jinkirin ya kusa kashi 6 cikin dubu na daƙiƙa. A rage kashin, sauti ya fara tsatstsagewa. A ƙara shi, makaɗi ya ji hannunsa ya riga kunnensa. Tana kuma iya sandarewa ana tsakiyar rawa. Su ma akwatunan ba waliyyai ba ne: waya ɗaya ta kwance, sai wannan ya yi gabas wancan ya yi yamma.

To, mu koma ga ido. Mai kalangu in ya matse tsarkiya a hammata, muna ganin hannun, muna jin muryar ta hau, don haka muka yarda da shi. Mutumin da ya sunkuya bayan kwamfuta, haske na dukan fuskarsa, wa ya san ko kiɗa yake yi ko wasiƙa yake karantawa? A 2012 makaɗin nan na Kanada da ake kira deadmau5 ya fito fili ya ce galibin manyan masu wannan sana'a, har da shi kansa, danna maɓalli suke yi kiɗan da aka riga aka shirya ya yi ta tafiya. An yi masa ca, amma kaɗan ne suka iya ƙaryata shi.

Sai dai kada masu akwatuna su yi saurin murna, domin ana iya shirya akwati tun daga gida a zo ana taɓa shi don ganin ido. Abin tambaya shi ne, nawa makaɗi ya bari a buɗe wanda zai iya gyaruwa ko ya ɓaci a gaban jama'a? Masu kwamfuta da kansu sun gane haka, shi ya sa aka ƙera musu allunan maɓallai irin su APC40 a 2009 da Push a 2013, don hannu ya dawo fili. Akwatunan MPC na yanzu kuwa, in aka buɗe cikinsu, kwamfuta ce zaune.

Saboda haka shawararmu ga ɗan'uwan da ke shirin hawa dandalin ƙungiya: ya zo da kwamfutar da yake da ita, ya kashe intanet, ya ture ta gefe, ya ajiye allon maɓallai inda kowa zai ga yatsunsa, ya kuma bar ganga ɗaya aƙalla wadda sai ya buga za ta fita.