WAƘAR GASKIYA A LOKACIN ABIN KUNYA

(Jawabi ga taron mawaƙa, Zumuntar Mata da dattawan ikilisiya)

Karatu: 1 Sama'ila 2:1-17, Zabura 73

 

An roƙe mu mu yi magana a kan tsara waƙa. Da farko niyyarmu ita ce mu tsaya a kan murya da amshi da kiɗa, amma maganar wani saurayi ta sa muka sāke shawara. Shekara shida yana jagorantar mawaƙa a wata ƙaramar ikilisiya da muka taɓa yi wa hidima. Kuɗin ginin majami'a, wanda mata suka tara da sayar da gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ya salwanta a hannun mutumin da ya yi wa saurayin nan baftisma. Aka rufe maganar, aka yi wa mutumin canjin wurin aiki. Saurayin ya ce mana, "Baba, tun daga ranar ban iya haɗa ko baiti ɗaya ba. In na buɗe baki sai in ji kamar ƙarya nake yi." Muna cikin waɗanda suka zauna a taron da aka yanke shawarar rufe maganar, ba mu kuwa ce uffan ba. Saboda haka wannan jawabi ya fara da mu kafin ya iso gare ku.

1. Hannatu ta yi waƙarta a Shilo

Ku lura da yadda aka jera sura ta 2 ta littafin Sama'ila na fari. Aya 1 zuwa 10 waƙar Hannatu ce. Daga aya 12 sai labarin 'ya'yan Eli, Hofni da Finehas, firistoci waɗanda suke ƙwace naman hadaya da ƙarfi, suna kuma lalata da matan da suke hidima a ƙofar alfarwa. Eli ya ji labari, ya yi musu faɗa da baki, ya bar su a kan aikinsu. A wannan wurin ne Hannatu ta kawo ɗanta, a nan ne kuma ta rera waƙar da har yau muke karantawa. In kun bi waƙar daga farko zuwa ƙarshe ba za ku sami sunan Eli a ciki ba, ko da yake shi ne ya sa mata albarka. Allah ta yaba, wanda yake auna ayyukan mutane, yana ƙasƙantar da masu girmankai, yana ɗaga matalauci daga ƙura. Gidan Eli ya fāɗi a rana ɗaya, amma faɗuwar ba ta taɓa waƙar Hannatu ba, domin tun farko ba a kan gidan Eli aka kafa ta ba.

Nan ne darasinmu na farko. A ƙasar Hausa mun gāji al'adar maroƙa, masu yi wa sarki ko attajiri kirari don a yi musu kyauta. Wannan al'ada ta lallaɓo ta shiga majami'a. A wurin ƙaddamar da faifai ko bikin godiya za ka ji an jero sunan fasto da na babban baƙo a tsakiyar waƙar yabo, ana kiɗa ana liƙi. Ba laifi ba ne a gode wa wanda ya yi alheri, amma a yi godiyar a lokacin sanarwa. Waƙar da aka ɗora a kan sunan mutum, ran da mutumin ya yi abin kunya ba mai iya sāke rera ta.

2. Ba a gidanmu kaɗai ba

Wasu matasa suna tsammani lalacewar a nan kawai take, a manyan ƙasashe kuwa komai lafiya. Ba haka ba ne. A ƙasar Ostareliya wani fasto mawaƙi mai suna Michael Guglielmucci ya tsara waƙa a kan Allah mai warkarwa, yana faɗa wa jama'a cewa ciwon daji yana cinsa. Ya rera ta a gaban dubban mutane da robar iska a hancinsa, aka ɗauke ta a faifan ikilisiyar Hillsong na 2008. A watan Agusta na shekarar ya fito ya amsa cewa ba shi da ciwon, wajen shekara biyu yana ruɗin mutane har da iyalinsa. Ravi Zacharias, wanda da yawa cikinmu muka karanta littattafansa na kāre bangaskiya, ya rasu a Mayu 2020. A Fabrairu 2021 rahoton lauyoyin da ƙungiyarsa ta ɗauka ya tabbatar cewa ya yi shekaru yana cin zarafin mata. A Mayu 2022 wani rahoto ya nuna cewa wasu shugabannin babbar ɗarikar Baptist ta kudancin ƙasar Amurka sun daɗe suna riƙe da sunayen ma'aikata sama da 700 da aka zarga da lalata, suka ɓoye, suna ture waɗanda aka cuta don gudun shari'a.

Ba mu kawo waɗannan don mu yi murna da faɗuwar wani ba. Mun kawo su domin abu biyu. Na ɗaya, ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da mai ƙaryar yana da suna a duniya. Na biyu, ɓoyewar da aka yi ta ƙara yawan waɗanda aka cuta, ta kuma sa abin kunyar ya ninka ran da ya fito.

3. To, waƙar da mai zunubi ya tsara fa?

Wannan tambaya ta daɗe a ikilisiya, a nahiyarmu ma aka fi yin gardamarta. A tsanantawar da sarkin Roma Diyokletiyan ya fara a shekara ta 303, wasu shugabannin ikilisiya a Arewacin Afirka sun miƙa Littattafai Masu Tsarki aka ƙone don su tsira da ransu. Da aka sami sauƙi, sai mabiyan Donatus suka ce baftismar da irin waɗannan shugabanni suka yi ba ta da amfani, sai an sāke. Ikilisiya ta rabu fiye da shekara ɗari. Agustin na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya amsa cewa Almasihu ne mai yin baftisma, ma'aikaci hannu ne kawai. Ya ba da misalin magudanar dutse: ruwa yana bi ta cikinta ya shayar da lambu, ita kuwa ba ta tsiro da komai. Abin da zai ba mawaƙa sha'awa shi ne, wajen shekara ta 393 Agustin ya sa wannan koyarwa cikin waƙa mai amshi, baitocinta suna bin jerin haruffa, domin wanda bai iya karatu ba ya haddace.

Saboda haka muka ce wa saurayin nan, baftismarka tana nan, gama ba da sunan wancan mutum aka yi maka ita ba. Gaskiyar da ka ji daga bakinsa gaskiya ce tun kafin a haife shi. Amma kada wani ma'aikaci ya fake da wannan. Lambu ya sha ruwa, magudanar kuwa za ta tsaya gaban shari'ar Allah. Game da waƙar wanda ya fāɗi, shawararmu ita ce dattawa su duba jama'arsu. In akwai wanda mutumin ya cuta yana zaune a cikin sujada, a ajiye waƙar. Muna da waƙoƙi da yawa, ɗan'uwan da aka raunata kuwa ba mu da madadinsa.

4. "Kada maƙwabta su ji"

Mu da muke tsiraru a garuruwanmu muna da wata jaraba ta musamman. Samun filin majami'a da wuya, idon jama'a yana kanmu, wasunmu danginsu na jini suna jiran ranar da za su ce, "Ai mun faɗa maka." Don haka da an yi abin kunya sai mu ce a rufa asiri saboda sunan Yesu. Mun san wannan tsoro, shi ne ya rufe mana baki a taron da muka ambata. Amma bari mu faɗi gaskiya: a ƙauye ba abin da yake ɓoyuwa. Maƙwabtanmu sun riga sun ji a bakin rijiya. Abin da suke jira su gani shi ne yadda za mu yi da maganar.

Littafi Mai Tsarki bai rufa wa manyansa asiri ba. Ya rubuta cewa Yahuza, ma'ajin almajirai, yana sata daga jaka (Yahaya 12:6). Ya rubuta musun Bitrus a cikin Bishara huɗu duka. Bulus ya umarci Timoti kada ya karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku, amma in laifin ya tabbata a tsauta masa a gaban kowa (1 Timoti 5:19-20). Mun riƙe rabin farko na umarnin mun manta da na biyu. Dattawa, bari a karanta rahoton kuɗi a gaban ikilisiya, mutum biyu su ƙirga baiko, mutum biyu su sa hannu kafin a fitar da kuɗi. Kada a tura wanda ya yi ɓarna zuwa wata ikilisiya ba tare da an gaya musu ba. In kuwa yarinya ko yaro aka lalata, wannan laifi ne a dokar ƙasa, sai a kai ga hukuma. Horon ikilisiya ba ya maye gurbin shari'a.

5. Shawara ga masu tsara waƙa

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ga abin da muke roƙonku.

Na farko, kada ku rera shaidar da ba taku ba. In Allah bai warkar da kai ba tukuna, ka yi waƙar mai jira. Asaf, shugaban mawaƙa a zamanin Dawuda, ya faɗa a Zabura 73 cewa saura kaɗan ƙafarsa ta zame sa'ad da ya ga mugaye suna cin gaba. Bai ɓoye wannan ba, bai kuma tsaya a nan ba. Ya shiga Haikali, ya ga ƙarshensu, sa'an nan ya gama waƙar.

Na biyu, ku ba makoki wuri. Masana suna lissafta wajen kashi ɗaya cikin uku na Zabura 150 a matsayin waƙoƙin kuka, Zabura 88 ma ta ƙare ba tare da ta'aziyya ba. Mu kuwa kusan dukan sababbin waƙoƙinmu na nasara ne da buɗi. Gwauruwar da aka kashe mijinta a gona, da wanda aka cinye masa baikonsa, me za su rera ran Lahadi?

Na uku, ku yi waƙar tuba. Kan Zabura 51 ya nuna Dawuda ya tsara ta bayan annabi Natan ya tone masa zunubinsa da Bat-sheba, ya kuma miƙa ta ga shugaban mawaƙa. Sarki ne ya ba da tubansa a rera a gaban talakawansa. John Newton, wanda aka buga waƙoƙinsa a Ingila a 1779, ya ci gaba da tuƙa jirgin bayi har 1754, shekara shida bayan ya fara neman Allah. Sai a 1788 ya rubuta a fili ya amsa laifinsa, ya goyi bayan masu yaƙi da cinikin bayi. Ya makara, amma ya faɗa da bakinsa.

Na huɗu, kada ku mai da waƙa zambo ko habaici. Mun taɓa jin ƙungiya ta tashi ran Lahadi da waƙar da kowa ya san da wa take. In kuna da ƙara, ku bi hanyar Matiyu 18, ku zo gaban dattawa da sunanku. Bagade ba wurin ramuwa ba ne.

Na biyar, ku auna kowane baiti da Maganar Allah. Kolosiyawa 3:16 ta sa waƙa cikin hanyoyin koyarwa da gargaɗi. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, mutanenmu da yawa da ba su shiga aji ba sun koyi labarin Yusufu da na ɓataccen ɗa daga bakin matan zumunta, da tulu da caki. Wa'azinmu yakan shuɗe kafin Laraba, waƙarku kuwa tana bin mace har wurin surfe. Ku kai sabuwar waƙa ga wanda ya san Littafi ya duba kafin ku shiga situdiyo ko ku tura ta a WhatsApp.

Na shida, ku kula da rayuwarku. Ta bakin Amos (5:23-24) Allah ya ce wa Isra'ila su kawar masa da hayaniyar waƙoƙinsu, abin da yake so shi ne adalci ya gudana kamar ruwa. Kowane mawaƙi ya kasance ɗan wata ikilisiya, yana da dattijon da zai iya tambayarsa inda ya kwana da yadda ya yi da kuɗin ƙungiya.

Kammalawa

Mun koma wurin saurayin nan mun roƙe shi gafara saboda shirun da muka yi. Mun kuma rubuta wa majalisar da abin ya shafa muna roƙo a sāke buɗe maganar, a faɗa wa matan da suka tara kuɗin gaskiyar abin da ya faru. Har yanzu bai tsara sabuwar waƙa ba, ba mu kuma matsa masa ba. Amma yana zuwa sujada, yana zama a bencin baya, wani lokaci mukan ga bakinsa yana motsi a wurin amshi. Akwai irinsa a kusan kowace ikilisiya da aka wakilta a nan. Idan kun koma gida, ku neme su tun kafin su daina zuwa.

Bari mu zuba ido ga Yesu, Makiyayi nagari, wanda bai taɓa cin amanar tumakinsa ba. Ubangiji ya tsarkake bakinmu da hannuwanmu, ya ba dattawanmu ƙarfin hali, ya warkar da waɗanda aka raunata a cikin gidansa. Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku duka. Amin.