Jawabi Ga Matasanmu Masu Karatun Akanta



Kowace shekara 'ya'yanmu kan kammala karatun akanta, wasu a jami'o'i, wasu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983. Da sun gama bautar ƙasa, sai su zauna jiran aikin gwamnati. Alhali kuwa zuwa da kai ya fi aike.

Ya ku matasa, ku fara da neman shaidar ƙwarewa ta ICAN, wadda aka kafa a 1965, ko ta ANAN. Da ita mutum kan zama odita, ko masanin haraji, ko babban ma'aikacin banki, ko ya buɗe ofishin kansa. Sannan ku waiwayi gida. Fataken hatsi da na dabbobi a kasuwannin Shinkafi da Zurmi na juya dukiya mai yawa, amma banki ba ya ba da rance sai ya ga rubutaccen lissafi. Wa zai rubuta musu in ba ku ba?

Mu kuma manya, mu ɗauki nauyin kuɗin jarrabawarsu. Jarin akanta dai amana ce. Allah Ya yi mana jagora, amin.