Amsa Ga Mai Sauraronmu Na 'Yargalma

Wani manomi daga 'Yargalma yana tambaya: wa zai riƙe yaran da gubar dalma ta raunana wa ƙwaƙwalwa a 2010, in iyayensu sun tsufa?

To Malam, maganin da likitocin MSF suka bayar yana fitar da dalma daga jini ne, ba ya gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta taɓu. A Kano, gwamnatin jiha ke ɗaukar nauyin gidan Torrey, inda masu raunin ƙwaƙwalwa ke kwana, ana ciyar da su. Ku haɗa kai da mutanen Dareta da Bagega, ku sami 'yan majalisarku tun kafin a zartar da kasafin kuɗi a Gusau, ku nemi a ware kuɗin irin wannan gida. Allah ya taimaka.