Kafin Mu Buɗe Akwati: Sayen Jirgin Ruwan da Ya Taɓa Nutsewa

  Na san wasu sun baro kifi a kan banda, wasu sun baro shinkafa a shanya, saboda haka ba zan ja ku da nisa ba.

Duk ƙungiyar da ke bakin kogi, da zarar akwatinta ya yi nauyi, maganar jirgi ce ke fara tasowa. Kuma da gaskiyarku. Kuɗin fito da kuke biya kowace ranar kasuwa, in aka tara na shekara, ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai sabon jirgi da sabon inji sun yi tsada, shi ya sa ido ke komawa kan na hannu. A cikin na hannun kuwa, wanda ya fi kowanne araha shi ne wanda ya taɓa nutsewa aka tsamo shi. A kansa za mu yi magana yau.

Bari in fara da laifina. Wata ƙungiya da na yi aiki da ita, mata 25, sun yi zango biyu suna zubi. Dillali ya kawo musu jirgi da injinsa, an shafe shi da sabon fenti, a kan kusan rabin kuɗin irinsa. Ina wurin. Na duba littafi, na ga kuɗi sun isa, na ga an kaɗa ƙuri'a, na ce madalla. Ban tambayi me ya sa yake da araha haka ba. Sati uku da saye, injin ya cije a tsakiyar ruwa da kwandunan kifi a ciki, sai da wani jirgi ya jawo su gaɓa. Da makanike ya buɗe, cikinsa duk tsatsa. Ashe ya kwana uku a ƙarƙashin ruwa, da aka tsamo shi kuma aka jingine shi a zaure wajen wata guda. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Amma gyara ya cinye sauran kuɗin akwati, aka yi ta zargin juna, mata huɗu suka fita daga ƙungiyar. Har yau abin yana damuna.

Ba ina cewa kada a sayi jirgin da ya taɓa nutsewa ba. Akwai wanda in an gyara shi da kyau zai yi shekaru yana aiki. Abin da nake cewa shi ne, kada mu yi cinikin biri a sama.

Tambayoyi uku kafin a taɓa jirgin

Ta farko: me ya nutsar da shi? Jirgin da ruwan sama ya cika da dare yana ɗaure a bakin gaɓa daban yake da wanda ya daki kututture a guje. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya rufe dazuzzuka, kuma har yanzu kututturan suna nan a ƙarƙashi. Jirgin da ya daki irinsu, ba inda ya fashe kaɗai ya ji ciwo ba, duk mahaɗansa sun girgiza.

Ta biyu: kwana nawa ya yi a ruwa, kuma injin yana aiki lokacin da ya nutse ko a kashe yake?

Ta uku, wadda ta fi muhimmanci: me aka yi masa bayan an tsamo shi? Mutane da yawa suna zaton zaman ruwa ne ke kashe jirgi. Galibi ɓarnar tana zuwa ne bayan fitowa. Katako ba ya saurin ruɓewa a ƙarƙashin ruwa. Sai an fito da shi, laka ta maƙale a lungunansa tana riƙe da danshi, sannan ruɓa ke shiga. In kuma aka yasar da shi a rana tsirara, sai katakon ya tsattsage, mahaɗai su buɗe. Haka inji: da zarar ya fito ya sha iska, tsatsa ta fara. Wanda aka wanke, aka zuba masa mai, aka tayar a ranar ko washegari, yakan tsira. Wanda aka ajiye sai an samu kuɗi, ya riga ya tafi.

Kada ku tsaya kan bakin mai sayarwa da dillali, shi dillali la'adarsa yake nema. Ku aika a tambayi Sarkin Ruwan garin da jirgin yake aiki, da masu fito na tashar, da mata masu sayar da abinci a bakin ruwa. Jirgi ba ya nutsewa a ɓoye.

Duba jikin jirgi

Sharaɗi na farko, a fito da shi tudu a kifar da shi. Wanda ya ce ku duba shi yana kan ruwa, ku yi masa godiya ku tafi. Ku zo da kafintan jirgi naku, ku ku biya shi ladansa, kada ya zama wanda ya yi gyaran ko ɗan'uwan mai sayarwa. A zaɓi mata uku daga ƙungiya su tsaya a kai. Ba sai kin iya sassaƙa ba, Inna, ido da kunne da hanci sun isa.

A bi katakon da guduma ana ƙwanƙwasawa daga goshi har baya. Lafiyayye yana amsawa ƙwas-ƙwas. Ruɓaɓɓe kuwa sai ki ji ɗif, kamar an daki kabewa. Duk inda sautin ya canza, a soka basilla ko tsinin wuƙa. In ta shige kamar a sabulu, wurin ya mutu.

A duba kan ƙusoshi. Baƙin zobe ko jan tabo kewaye da ƙusa alama ce tana cin tsatsa daga ciki. Ku roƙa a zare biyu ko uku daga ƙasan jirgin ku gani. Wata kanta lafiya lau, amma tsakiyarta ta zama kamar allura. Ƙusa ce ke riƙe da jirgi, ranar da ta saki katako ba ya sallama.

A duba haƙarƙarin jirgin, wato itatuwan da ke gicciye a ciki, ko akwai mai tsagewa ko wanda aka yi wa ɗori. A ɗaga allunan da ake takawa a leƙa ƙarƙashi, a sansana. Warin ruma da busasshiyar laka suna faɗin abin da baki ya ɓoye.

A ja igiya daga tsinin goshi zuwa tsakiyar baya. In gefe ɗaya ya fi ɗaya nisa da igiyar, jirgin ya murɗe, wataƙila wajen jawo shi daga ruwa. Murɗaɗɗen jirgi ba ya miƙewa, kuma kullum cikin yoyo yake.

Sai allon baya, inda ake ɗaura inji. Nan ne duk ƙarfin injin ke sauka. A kama shi a jijjiga da ƙarfi. In ya motsa ko ya yi ƙara, sai an canza shi, a sa wannan a lissafi.

Sabon fenti, sabuwar kwalta a wuri ɗaya, facin langa-langa: duk inda kuka gansu ku ce a kankare. Faci ba laifi ba ne. Ɓoye abin da ke ƙarƙashinsa ne laifi.

In jirgin na roba ne, irin na faiba, ku sani wasu suna da soso a tsakanin bangonsu. In ya sha ruwa ba ya bushewa da sauƙi. Za ku ga jirgin ya yi nauyi, ya zauna cikin ruwa fiye da ɗan'uwansa ko ba kaya.

Duba inji

Sau da yawa injin ya fi jirgin kansa tsada, to a nan ne asara ta fi yawa. A nemo makaniken injin jirgi, ba na babur ba.

Ya cire murfi ku leƙa tare. Ana iya wanke waje, amma yashi da laka suna ɓuya a lungu, a ƙarƙashin inda igiyar tayarwa ke naɗewa da bayan kafireta. A dubi bakin wayoyi, in sun yi kore ko fari-fari, ruwa ya zauna a wurin.

Ya kwance fulogi ya ja igiya a hankali. Ya kamata ta tafi sumul. In ana jin gurza ko tana cijewa a wani wuri, boris ɗin ciki sun yi tsatsa. Injin da ya nutse yana aiki kuwa yakan zuƙi ruwa, ruwa kuma ba ya matsuwa, sai sandar da ke tura fistin ta lanƙwashe. Irin wannan zai iya tashi yau ya yi ƙara mai daɗi, bayan sati biyu ya watse. Akwai geji da ake ɗaurawa a ramin fulogi a auna ƙarfin kowace silinda. In ɗaya ta gaza 'yar'uwarta da fiye da kashi 10 cikin 100, akwai magana.

A kwance ƙaramin noti na ƙasa, kusa da farfela, a ɗiga man giya a farin faranti. In ya fito kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga. A juya farfela da hannu, in tana rangaji sandarta ta karkace. A juye man tanki a kwalba a bar shi ya kwanta, in da ruwa za ku gan shi a ƙasa.

Ku je da sassafe ku taɓa injin da hannu ku tabbata da sanyinsa kafin a tayar. Mai wayo yakan ɗumama shi kafin ku iso. In ya tashi, ku duba ɗan ruwan da yake tsartarwa ta baya, wanda masu jirgi ke cewa fitsarin inji. In babu shi ko yana ɗigowa da ƙyar, injin ba ya samun sanyi.

Gwaji a ruwa

Gani ya kori ji. A mayar da jirgin ruwa, a kwarfe shi tas, a loda masa buhunan yashi daidai nauyin kayan da kuke niyyar ɗauka. Yashi fa, ba mutane ba. A bar shi ya kwana a wuri marar zurfi, a sa wanda kuka yarda da shi ya yi gadi don kada a kwarfe da dare. Da safe a ƙirga bokiti nawa ya tara. Kowane jirgin katako yana ɗan tsatsafo, kuma wanda ya daɗe a tudu yana bukatar kwana biyu katakonsa ya kumbura. Amma in dare na biyu da na uku ruwan bai ragu ba, ku haƙura da shi.

Sannan a yi tafiyar awa guda da kayan nan, har da gaba da ruwa, kusa da gaɓa, kowa da rigar kariya. Ciwon inji sai ya yi zafi yake fitowa.

Takarda da kuɗi

Kowane inji yana da lamba a jikinsa. A gwada ta da ta rasit. In an kankare lambar ko an ce rasit ya ɓata, ku yi hattara, ana satar injin jirgi sosai. A yi ciniki gaban Sarkin Ruwa ko mai unguwa da shaidu. A rubuta cewa jirgin ya taɓa nutsewa, da gyaran da aka yi, da sharaɗin cewa in wani ɓoyayyen aibi ya fito cikin kwanakin da kuka yarda a kai, za a mayar da kaya a karɓi kuɗi. Addini ma ya hana mai sayarwa ɓoye aibin kayansa, to ba rashin kunya kuka yi ba don kun tambaya. In zai yiwu a riƙe wani kaso na kuɗin sai wa'adin ya cika, kuma a rubuta jirgin da sunan ƙungiya, ba da sunan mijin wata ba.

Ga lissafi, a misali kawai. An ce jirgi mai lafiya naira 100, wanda ya nutse naira 60. Kafinta ya ce gyara 15, makanike ya ce 25. Kun ga an koma 100, ga fargaba a kai. Ina arahar? Sayen nagari, mayar da kuɗi gida. Kuma kada a kwashe akwati kaf. A bar na mai, na gyara da na rigunan kariya. Asusun taimako kuwa, na rashin lafiya da haihuwa da rasuwa, ba a taɓa shi ko da wasa.

Abin da ya fi kuɗi

Iyayena, ba mu manta da Wara ba. A watan Mayu na 2021 jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ya tsage a kogin Kwara da mutane sama da 150, waɗanda aka ceto da rai ba su fi 20 da 'yan kai ba. A Nuwamban shekarar kuma aka yi na Bagwai a jihar Kano, akasarinsu yara 'yan Islamiyya. A Yunin 2023 sama da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi na jihar Kwara suna dawowa daga biki da dare. Allah ya jiƙansu. Kusan kullum dalilan ba sa canzawa: tsohon jirgi, lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, ba rigar kariya. Shi ya sa hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar.

In kun sayi jirgi, ku ne masu shi, ku ne masu doka. Ku ja layin fenti a jikinsa, ruwa ya taɓa layin an gama lodi, ko wace ce ta zo da magiya. Waɗanda za su shiga ciki 'ya'yanmu ne da jikokinmu.

Yanzu ina so Shugaba ta ba mu dama mu zaɓi mata ukun da za su tsaya a kan dubawa, Magatakarda ta rubuta sunayensu. Mu kuma yanke tun yau, kafin kowa ta ga fenti ranta ya biya: wane aibi ne in an gani za mu fasa sayen? Mai tambaya ta ɗaga hannu, ba tambayar da ta yi ƙanƙanta. Allah ya sa albarka a zubinmu, ya tsare mu a tudu da ruwa.